Sunaye Biyar da Na Ba Hajiya Larai

Sundimina, Birnin Kudu

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, babu ciwon kai, babu ɓatan kaya, Ya kuma haɗa ki da abokan ɗaki masu tsoronSa. Na cusa ta a ƙasan robar yajin da na daka miki, cikin leda biyu, don na san ba za ki buɗe yajin ba sai kin ɗanɗana abincin wurin horon naku. Idan kin karanta kada ki ɗauki hotonta a waya, kada kuma ki kira ni ki ce kin ga saƙo. Ki ce mini yajin ya yi daɗi, zan gane.

Za ki yi mamakin ganin rubutuna da yawa haka. Ke ce 'yar fari, ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba, balle in zaunar da ke in yi doguwar magana ina kallon idonki. Ƙannenki ma na fi sakewa da su. Amma ga shi za ki shiga aikin kamen masu ƙwaya, kuma akwai abin da bai kamata ki sa kakin nan ba ki sani ba.

Kwana uku kafin tafiyarki, kina wanke-wanke, kika ce da ni ba tare da kin ɗago ba, "Umma, Oga ya ce ko za ki ba ni lambobin wayar matan makarantarki, za a riƙa tura musu saƙon faɗakarwa." Na ce a'a. Kika ce, "Umma, faɗakarwa ce fa kawai." Na ce na ji, a'a. Na ga yadda kika dinga goge tukunya ɗaya har ta kusa hujewa. Kin ɗauka aikin naki nake rainawa, ko kuma ina so ki fara da jin kunya a gaban mutumin da ya taimaka aka ɗauke ki. Dalilina ne zan rubuta miki a nan, don na san zai sake tambayarki, kuma lambobin nan kin haddace rabinsu, ba sai na ba ki ba.

Ranar kin ji muna ta musu da Babanku muna cin abincin rana, sai dai kin tashi kafin mu kai ƙarshe. Cewa ya yi, "Ke Malama, wai gwamnati ba ta da lambarki ne? Ranar rajistar layin waya ba ke ce a gaba ba, har da dangwala yatsu goma?" Na ce ta san lambata, amma ba ta san wace ce ke tsayawa bayan an tashi daga karatu tana yi mini kuka ba. Ya ce, "To ki je tashar Birnin Kudu ki ga yaran mutane, ido ja, baki ya bushe, ana magana suna layi. In hukuma ba ta sa ido ba wa zai sa? Wanda ba ya ɓoye komai me zai ji tsoro?" Na ce ni ma ina so a sa ido, damuwata ita ce idon nan ƙasa kawai yake kallo. Ya yi dariya ya ce kullum ina magana kamar wadda ta haɗiyi rediyon 'yan adawa, in miƙo masa miya. Rabin maganarsa gaskiya ce, zan kuma zo kanta. Amma a lokacin bai san abin da na sani ba.

Bari in fara daga Gwaram, gidanmu. Ina 'yar shekara goma, idan Kakanki zai fita daga makaranta zuwa jana'iza ko ɗaurin aure, ni yake bar wa aikin lura da masu surutu. In ya dawo sai ya ce, "Hajara, su wa?" In tashi in lissafo. Ina jin daɗin aikin nan ƙwarai, domin duk yaran kallona suke yi, har gyaɗa ake ba ni. Sai da na girma na lura da wani abu. Ban taɓa faɗin sunan 'ya'yan baffannina ba, alhali su ne shugabannin surutu. Da su nake cin tuwo a kwano ɗaya, in na faɗe su zan sha rankwashi da harara har mako. Sunayen da ke fitowa daga bakina kullum su ne 'yar wanzami, da 'ya'yan Fulanin da ke kawo nono, da wasu yara biyu da iyayensu suka zo cin rani. Ban yi musu ƙarya ba, sun yi surutun. Amma bulala ta san bayansu, ba ta san bayan 'yan gidanmu ba, kuma Malam ya rasu yana yabona da gaskiya.

Ummi, duk wanda aka ba aikin kawo suna, wanda ba zai iya rama masa ba yake fara kawowa, ko da bai yi niyya ba. Idan wata rana aka miƙo miki takardar waɗanda za a je kamawa, ki karanta ta sau biyu. Na farko ki ga su waye a ciki. Na biyu ki tambayi kanki su waye babu, kuma me ya sa.

Kuskurena babba na yi shi kina shekara tara. Kin tuna Goggo Daso? Na san kin tuna. Ita ce ke zuwa da ƙwaryar nono daga rugar da ke bayan fadama, ta goya ki tun kina jaririya idan ina koyarwa, tana kiranki "ɓingel am", wato 'yar ƙaramata. Fulatancin da kika rubuta a takardar neman aiki cewa kin iya, a bayanta kika koye shi. Ta shiga makarantata ta matan aure da girmanta, ta yi wata huɗu kafin Fatiha ta zauna mata, matan gari suna dariyar yadda take furta baƙaƙe, ita ma tana taya su. Wata rana bayan an watse ta tsaya tana gyara tabarma, har kowa ya fita. Ta ce, "Malama, in mutum ya sha ƙwayar nan ta ƙarfi, wadda maza ke sha in za su bi shanu nesa, sallarsa ta yi?" Na ce wa ke sha? Ta ce ita. Tun haihuwarta ta ƙarshe bayanta ke ciwo, ga tafiya da ƙwarya a ka, sai ta fara ɓallar rabi daga ta mijinta, Ori. Yanzu in ba ta sha ba jikinta rawa yake yi.

Ba ita kaɗai ba ce. Malamar mata tana jin abin da likita ba ya ji, domin tambayar addini ake fakewa da ita. A shekarar mata biyar na san suna cikin wannan hali. Uku daga gidajen masu hali suke, ɗaya ma matar wani Alhaji ce da ke da kujera a sakatariya, ita maganin tari take sha kwalba-kwalba. Ta huɗu Talatu, Bawarjiya ce ba Bahaushiya ba, mijinta faci yake yi a bakin titi. Ta biyar Daso.

Sai ga Hajiya Larai. Ma'aikaciyar hukumar yaƙi da ƙwaya ce, ta zo a farar mota da dogon hijabi, ta kawo mana alli da tabarmi uku. Ta yi wa mata bayani mai kyau a kan illar ƙwaya, wasu har da hawaye. Bayan an tashi ta zauna ta ci ɗanwakena, ta yabi rubutuna a allo, ta ce da ma irina ake samu a ofis. Zuwanta na uku ne ta ce, "Malama, mu fa ba kama mata muke yi ba. Magani muke so mu kai musu, a asirce, mazajensu ma ba sai sun sani ba. Amma ta ina za mu san su? Ke ce uwarsu." Na ce amana ce. Ta ce, "In ɗaya ta faɗi ta mutu gobe, amanar za ta tashe ta?"

Na kwana biyu ina juya maganar. Zan so in ce miki tausayi ne kaɗai ya sa ni, amma akwai irin daɗin nan na Gwaram a ciki, a ce babbar ma'aikaciya ta zo da mota tana neman abin da ni kaɗai na sani. Na yago takarda daga bayan rajistar ɗalibai na rubuta sunaye biyar, kowacce da sunan mijinta da unguwarsu. Har ina yaba wa kaina cewa wannan karon ban ware kowa ba, na sa manya na sa ƙanana.

Bayan mako biyu, da hantsi, mota biyu suka bi hanyar fadama. Abin da aka samu a bukkar Ori shi ne ragowar ƙwayar da bai fi a rufe a tafin hannu ba, da jakar maganin shanu. Aka haɗa duka aka ce kayan dila ne. Aka ɗaure shi da rawaninsa a gaban 'ya'yansa. A ranar kuma aka kifar da rumfar mijin Talatu aka tafi da shi. Shi ya yi mako biyu ya fito, suka kwashe kayansu suka bar gari ba sallama. Ori kuwa tun gero bai fitar da kai ba har aka gama girbi yana tsare, shanunsu suna fita ɗaya bayan ɗaya wajen neman a sake shi. Ya dawo da tari da bai rabu da shi ba.

Gidajen ukun fa? Gidan Alhaji an je. Hajiya Larai ce da kanta ta je da wata malamar asibiti, aka shimfiɗa musu darduma, aka kawo zoɓo. Bayan kwana kaɗan aka ce matar ta tafi Kano ganin likitan ido. Ta dawo ta yi ƙiba, ta warke, na kuma yi mata murna har zuciyata. Sauran biyun ko sallama ba a yi musu ba. Ashe maganin da aka yi mini alkawari akwai shi da gaske, sai dai ba kowa aka tanadar wa ba.

Na hau mota na je Birnin Kudu na sami Hajiya Larai a ofis. Ta tarbe ni da fara'a, ta sa aka kawo mini ruwan leda. Na ce, "Hajiya, ba haka muka yi da ke ba." Ta ce, "Malama, ni takarda na miƙa sama. Waɗanda suka je rugar ba sashena ba ne." Na ce to ai a takardar akwai gidan Alhaji, me ya sa sashen bai je can ba? Ta dube ni kamar yarinya ta ce, "Haba Malama, ke ma kin san gidan Alhaji ba a faɗa masa haka kai tsaye." Har yau ban san ko yaudarata ta yi tun farko ba, ko ita ma takardar ce ta fi ƙarfinta da ta bar hannunta. Na fi zargin na farko. Amma ko na biyun ne, bai canza wa Ori komai ba.

Don haka, duk wanda ya ce ki kawo suna ko lamba don a taimaki mutum, ki tambaye shi takardar teburin wa za ta kwana, wa kuma zai taka ya je gidan. In ya ce wannan ba matsalarki ba ce, to kin ji amsa. Kada kuma yabo ya ruɗe ki. Kin dawo daga ganawar ɗaukar aiki kina murna wai sun ce kin burge su saboda ke 'yar gidan malamai ce, kin san mutane daga Sundimina har Basirka, kina jin Fulatanci. Ke kin ji yabo. Ni da kika faɗa mini ban yi murna ba, don ban ji sun ambaci sakamakon jarrabawarki ba, wanda kika sha wahala a kansa. Mai yiwuwa Ogan nan mutumin kirki ne, faɗakarwar kawai yake nufi. Ban san shi ba. Hajiya Larai ma ɗanwakena ta ci.

Abin da ya fi wannan muni shi ne wanda na yi daga baya. Ori yana tsare, wata ranar Laraba Daso ta yi sallama da ƙwaryar man shanu. Ta rame, zanenta har yana zamewa. Ta durƙusa ta ce, "Malama, ga sadaka. So nake ki tara ɗalibai a karanta Yasin ƙafa arba'in da ɗaya a kan wanda ya kai sunanmu. Allah Ya nuna masa a jikinsa."

Kin san gidan da na fito. Na ga an yi wannan karatu a kan ɓarawon akuya, na kuma ga yadda ya ƙare. Ban ɗauke shi wasa ba. A nan ya kamata in ce, "Daso, ga ni, ni ce." Maimakon haka sai na gyara zama na shiga yi mata wa'azi a kan haƙuri da falalar yafiya. Na daɗe ina yi, ban taɓa wa'azi mai daɗin wannan ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma ba don Allah na faɗe shi ba, kaina nake karewa.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "'Yan'uwan Ori sun ce Malam Isiya ne, mai gonar da shanunmu suka taɓa shiga. Ni dai ban ce komai ba." Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ta ce, "Tunda kin ce a bari, na bari. Amma ban yafe ba, Malama. Ajiyewa na yi." Ta tashi ta bar man shanun. Ni ban iya ci ba. Ku kuka ci a tuwo, ke har da neman ƙari.

Shekara goma sha uku ke nan ina tambayar kaina ko ta sani. Wani lokaci in ce ta sani, ta zo ne ta ba ni dama in faɗa da bakina. Wani lokaci in ce da ta sani ba za ta bar mini mai ba. Malam Isiya kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba. Aka daina gaisawa tsakanin gidansa da rugar, aka daina kai masa taki, da kaka aka wayi gari an sare masa mangwaro biyu. Ina ji ina gani na yi shiru. Da Ori ya fito suka tashi suka koma wajen dangin Daso, gaba da Basirka. Kin yi kuka kwana uku kina tambayata ina Goggo, na ce miki Fulani ai haka suke, ba sa zama wuri ɗaya. Wannan ma ƙarya na yi miki, shekararsu ashirin a bayan fadamar nan.

Idan kika yi kuskure a aikin nan, kuma za ki yi, ki faɗa da wuri, tun laifin bai koma kan wani ba. Kada ki taɓa ɗauko maganar Allah ki rufe abin kunyarki da ita. Ki kuma sani cewa inda ake kai suna a ɓoye, wanda aka kama ba shi kaɗai ake cuta ba. Kowa sai ya fara kallon maƙwabcinsa. A makarantata an yi shekara biyu babu macen da ta tsaya bayan karatu ta tambaye ni wani abu. Ba su zarge ni ba, junansu suke zargi, amma bakin kowa ya rufe, masu shan kuma suka ci gaba da sha, babu wanda suke faɗa wa.

Yanzu ga rabin gaskiyar Babanku, don kada ki ce na hana ki aikinki. Bayan abin Daso na rantse ba zan ƙara faɗin sirrin kowa ga kowa ba. Kawunki Sadisu yana acaba tsakanin Gwaram da Basirka a lokacin. Na je gida ganin Inna na ga ƙwayoyi a aljihun rigarsa da zan wanke. Ya ce, "Yaya, don Allah kada Malam Babba ya ji. Ranar kasuwa kawai nake sha, in ba haka ba ba na iya sawu goma." Malam Babba yayanmu ne, kin san shi ke riƙe da gidan, kuma Sadisu yana jin tsoronsa. Da na faɗa masa da ya karɓe makullin babur ɗin a ranar. Na yi shiru, ina ganin na koyi darasi. Wata biyar bayan nan ya ɗauko wata tsohuwa da buhun riɗinta, ya shiga ƙarƙashin motar itace. Kin san yadda ƙafarsa take yanzu. Abin da ba a faɗa muku ba shi ne tsohuwar ba ta tashi ba.

Kin gani, na faɗa inda bai kamata ba, na yi shiru inda ya kamata in faɗa. Ƙwayar nan tana kashe mutane, masu kawo ta katan-katan kuma ba su da imani, ina so a kama su. Shi ya sa ban hana ki tafiya ba. Bambancin da na gano a makare shi ne, Malam Babba zai karɓe makulli ne don yana son Sadisu, kuma gobe zai gan shi a tsakar gida. Wanda na ba sunan Daso bai san fuskarta ba, ba kuma zai taɓa haɗuwa da ita a wurin suna ko makoki ba.

Sauran 'yan abubuwa, in taƙaita, hannuna ya fara ciwo. Idan aka tsayar da ku a shingen hanya, ki lura da wa ake saukewa daga mota. Ni duk zuwana Gwaram ina lura. Mai malafa da sanda ake fara cewa ya sauko, sai wanda Hausarsa ba ta nuna ba, sai mai facin wando. Mota mai baƙin gilashi ɗaga mata hannu ake yi. Ke ƙarama ce, ba za ki gyara wannan a rana ɗaya ba, kada ma ki je kina yi wa manyanki tsawa a kore ki. Amma jakar da aka ce ke ki bincika, ki bincika ta kamar ta ƙanwarki, ki mayar da kayan yadda kika same su. In maganin shanu kika gani, ki ce maganin shanu ne da ƙarfi, yadda na kusa da ke zai ji, ki kuma tabbata haka aka rubuta.

In aka sa ki tafinta tsakaninsu da Bafulatani, ki faɗi duk abin da ya ce, har da wanda zai wanke shi, har da wanda Oga ba ya son ji. Harshen nan ba a makaranta aka koya miki shi ba.

In sun ba ki waya ta aiki, idan kin zo hutu ki kashe ta ki bar ta a zaure. Ƙila ba a jin komai ta cikinta, ban sani ba, Babanku ya ce tsoron banza ne. To, a bar ni da tsorona, matan da ke shigowa tsakar gidan nan ba da ofis suka zo magana ba. Abin da kika ji a nan kina ɗauraye kwano, ko a gidan biki, ko a bakin ƙawarki, ba kayan aiki ba ne. Wanda kika ga yana hallaka kansa a cikinmu, ki zo ki same ni ko Babanku, mu nemi wanda yake jin maganarsa, mu kai shi asibiti da ƙafarmu.

Yau da hantsi, kin tafi sallama gidan Inna Asabe, na zaunar da Babanku na faɗa masa duk abin da ke cikin takardar nan. Shekara goma sha uku bai sani ba. Yana gyaran igiyar buhu, ya ajiye. Sannan ya ce, "Man shanun nan da kika ce cikinki ba ya so?" Na ce shi. Ya ce, "Malam Isiya za mu fara zuwa, shi ne kusa, yana da rai. Ranar kasuwa kuma in kai ki Basirka." Na ce har yanzu yana ganin wanda ba ya ɓoye komai ba ya jin tsoro? Ya ce, "Ke dai Malama ba a cin ki a musu, ko kina kuka."

Na yi tambaya a wajen masu kawo nono, an ce Ori ya rasu shekara uku da suka wuce, Daso tana nan wajen babban ɗanta. Ban san ko za ta amsa sallamata ba. Zan durƙusa inda ta durƙusa mini, in faɗa mata abin da ta zo ji ranar Larabar nan. Ta ce ajiyewa ta yi. In ta yafe, na gode wa Allah. In kuma ta ce har yanzu tana son karatunta, zan dawo in tara ɗalibai a tsakar gidan nan, ni zan ja musu baƙi, ƙafa arba'in da ɗaya, ba zan rage ko ɗaya ba. Lokacin da za ki buɗe yajin nan ƙila na riga na je na dawo.

Idan Oga ya sake tambayarki lambobin matan makarantata, kada ki yi masa ƙarya, kada kuma ki yi masa rashin kunya. Ki ce uwarki ta ce a'a. In ya matsa lallai sai ya sami lamba daga gidan nan, ki ba shi tawa. Ki ce masa ya kira, ya turo faɗakarwar, zan karanta wa mata ita da bakina har ƙarshe. In kuma suna yake so, akwai mace ɗaya a Sundimina da na tabbata ta cuci mutane a kan maganar ƙwaya, sunanta Hajara, ita kaɗai zan iya ba shi.

Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya tsare ki daga sharrin wanda za ki kama da na wanda zai aike ki. Allah Ya sa kada hannunki ya ɗaure wanda bai ci ba, kada kuma ya saki wanda zai kashe 'ya'yan mutane. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci ko ba daɗi. Babanku da ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya dawo mana da ke lafiya, Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajara